Fararen Ƙwayoyi a Jinin Aku

Ranar Talata da hantsi Maman Aku ta tarar da gwangwanin a buɗe.

Gwangwanin alewa ne mai zanen furanni, alewar ta ƙare tun bara. A ciki surukarta take juye maganinta na hawan jini, don ta ce yatsunta sun tsufa da kokawa da 'yar ledar asibiti. Mazauninsa ɗan teburin da ke gefen gadon tsohuwar, tsakanin tabarau da kofin ruwa, tebur ne da ko gwiwar babban mutum bai kai ba. A gabansa kuwa ga Aku a tsugune, ta ɗauki murfin ta yi wa 'yartsanarta faranti.

Shekarar Aku huɗu. Baki ne ya jawo mata sunan: ba a yin magana a gidan ta faɗi ƙasa, sai ta tsince ta ta maimaita, har da muryar mai ita. Uwarta kuwa tela ce, a falo take ɗinki, kuma tun da aka haifi yarinyar sunanta ya ɓace, kowa Maman Aku yake ce mata.

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta durƙusa. Ta buɗe bakin yarinyar ta leƙa har ƙarƙashin harshe, ta sansana, ta duba tafin hannunta.

"Kin sha maganin Kaka?"

"Ban sha ba." Aku ta ci gaba da ciyar da 'yartsana. "Ai da ɗaci."

Ta ina ta san da ɗaci?

Tsohuwar tana banɗaki, ana jin ƙarar ruwa. Maman Aku ta juye ƙwayoyin a hannunta, 'yan ƙanana, farare tas. Ita da kanta ta karɓo su ranar ɗaya ga wata, guda talatin. Yau goma, an sha na safe, ashirin ya kamata su rage. Ta ƙirga ta samu sha takwas. Ta sake ƙirgawa bibbiyu, sha takwas ɗin dai. Ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado ta jawo fil guda da takalmin 'yartsana da ƙura. Ƙwaya kam babu.

Sai ƙofar banɗaki ta yi ƙara. Ta mayar da murfin da sauri kamar ita ce mai laifin.

Ba tsoron tsohuwar take yi ba. Wata biyar ke nan da Kaka ta dawo gidansu da zama, ko kallon banza bai taɓa haɗa su ba. Ita ke riƙe Aku in ɗinki ya yi yawa, ita ke zura mata zare a allura duk da idon ya yi rauni. Amma uwar miji uwar miji ce. Da wane baki za ta dube ta ta ce, Inna, sakacinki ya sa jikarki ta sha magani? Baban Aku kuma direban babbar mota ne, yana can kan hanya, sai ƙarshen mako. Sai ta ce a ranta bari ta zuba ido tukuna.

Ta zuba kuwa. Ranar ba ta taka keken ɗinki ba. Duk inda Aku ta yi, idonta na kai. Yarinya ta ci, ta sha, ta hau kujera ta diro sau ba adadi, ta kwaikwayi mai gyaran famfo har Kaka ta yi dariya da hawaye. Laraba ma haka. Har Maman Aku ta fara sakin jiki.

Alhamis da safe Aku ta tashi jikinta rau kamar garwashi. Ta ture shayi, ta ture biredi, ta kama wuyanta ta ce, "Mama, wani abu yana cizona a nan." Daga wannan ba ta ƙara cewa komai ba, kuma shirun Aku ya fi zazzaɓin ba da tsoro.

"Inna, zan kai ta asibiti."

"Za mu kai ta dai," in ji Kaka, tana laluben takalmi. "Ƙawata ba lafiya, ni in zauna gadin kujeru?"

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Ya danne harshen Aku da ɗan katako ya haska tocila, ya shafa gefen wuyanta, ya saurari ƙirjinta.

"Maƙogwaron ya kumbura, har da mugunya. Ta ci ko ta sha wani abin da ba a saba ba?"

"Ko ruwa da ƙyar," Kaka ta amsa.

Maman Aku ta buɗe baki, ta dubi tsohuwar da ke gefenta, ta mayar da ido kan yatsun ƙafarta. Likita ya rubuta takarda ya ce su je a ɗebi jini.

Ɗakin awon yana ƙarshen baranda, da 'yar taga inda ake miƙa takardu da benci a gabanta. Mai awon jinin mace ce gajera mai jiki, tabaraunta na rataye da igiya a wuya. Ta ɗebi jinin cikin ƙiftawar ido, Aku ta yi ɗan kuka ta kwanta a cinyar Kaka. Suka zauna jira wajen awa guda. Can sai tagar ta buɗe.

"Maman 'yar ƙarama! Ga takardarku. Jinin bai yi ƙasa ba, zazzaɓin sauro ma babu. Sai dai fararen ƙwayoyi sun yi yawa a jininta. Ku koma wurin likita."

Tagar ta rufe.

Fararen ƙwayoyi. Maman Aku ta tsaya da takarda a hannu. Ashe dai ta sha. Ashe kwana biyun nan suna can cikin jinin 'yarta suna yawo, ita kuma tana zaune tana kunya. Ta waiga. Kaka ba ta ji ba, tana can tana yi wa Aku fifita da katin asibiti.

"Inna, bari in tambayo wani abu."

Ta zagaya ta ƙofar gefe, wadda aka rubuta ba a shiga, ta tura ta shiga. Ɗakin da sanyi, yana warin maganin wanke hannu. Wani inji yana gurnani a lungu, ga kwalabe sirara jere a kan wata doguwar kanta. Mai awon ta ɗago.

"Ƙanwata, nan ba wurin..."

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Guda biyu ne. Wallahi biyu ne kacal. Za a iya wanke su su fita?"

"Mene ne biyu?"

"Ƙwayoyin. Kin ce sun yi yawa, ni kuwa biyu na ga babu."

Mai awon ta ɗora tabaraunta a hanci ta dube ta da kyau. "Biyu? Ƙanwata, wajen dubu goma sha tara injin nan ya ƙirga, a ɗigon da bai fi kan fil ba."

"Dubu?" Maman Aku ta dafa kantar. "Ai gwangwanin ko ɗari ba zai ci ba."

"Wane gwangwani kuma?"

A tsaitsaye ta ba ta labarin, tun daga murfin har sha takwas ɗin. Mai awon ta saurara, kumatunta suna rawa, tana ƙoƙarin riƙewa. Ta kasa. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido.

"Kai, ƙwaya! Kalma ɗaya mun labta mata kaya kamar jakin haya. Ƙwayar magani, ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar cuta. Makon jiya na ce wa wani uba ƙwayoyi sun yi yawa a jinin ɗansa, kafin in rufe baki ya fara kwance bel, wai dama ya san yaron nan ya shiga shaye-shaye. Da ƙyar muka riƙe shi." Ta jawo wata kujera mai tsawo. "Laifina ne, na jefa miki magana ta taga kamar mai jefa wa kaji tsaba. Zo nan. Kin taɓa ganin jini?"

"Ni da nake soke yatsa kullum da allura?"

"Kin ga launinsa dai. Zo ki gan shi."

A kan kantar akwai madubin nan na likitoci mai ido biyu, wanda ke mayar da ƙanƙanin abu ƙato. Mai awon ta zura wani siririn gilashi a ƙarƙashinsa. A jikin gilashin ba komai sai ɗan shafe mai ruwan hoda, kamar an goge jan baki.

"Jinin 'yarki ne. Sa ido. Kar ki danna, ba tuƙa keke za ki yi ba. Murza wannan a hankali har ya fito."

Da farko haske kawai ta gani da gashin idonta. Ta murza. Sai abin ya taso mata gaba ɗaya, har ta ɗan ja baya kafin ta sake leƙawa. Kamar an kifar da kwalin maɓallai a kan farin yadi. Ɗaruruwa, zagaye-zagaye, masu ruwan hoda, kowanne tsakiyarsa ta ɗan kwaɗe kamar an danna da yatsa.

"Maɓallai ne marasa huda," ta ce a hankali.

"Tela ce ke, ko? Waɗannan su ne jajayen ƙwayoyi. 'Yan dako ne. Iskar da ta shaƙa suke ɗauka daga huhu su kai wa kowane lungu na jiki, har ɗan yatsan ƙafa. Su suka sa jini ya yi ja."

"Ni na ɗauka ruwa ne kawai mai launi."

"Ruwan ma yana nan, a cikinsa suke iyo. To duba tsakaninsu. Ba ki ga wasu da suka fi girma ba?"

Ta gani. Nan ɗaya, can biyu, can kuma wani. Sun fi maɓallan girma, kuma kowanne da wani abu a cikinsa mai duhu, a ƙudundune, kamar zaren da ya sarƙe ya yi ƙulli uku.

"Su ne fararen."

"Yaya, waɗannan ai shunayya ne."

"Rini na zuba musu. In ban rina su ba, ba za ki gan su ba, kamar farin zare ne a kan farin yadi."

Wannan kam ta gane shi sarai. Amma ba ta gamsu ba. "To wa ya ce farare ne?"

Mai awon ta yi murmushi irin na wanda aka sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ta ɗauko wata siririyar kwalba ta ɗaga ta saitin fitila. Jinin da ke ciki ya rabu: sama ruwa ne rawaya-rawaya, ƙasa ja wur. "Injin can ya juya shi har masu nauyi suka kwanta. Dubi tsakani."

A tsakanin rawayan da jan akwai wani layi siriri, fari-fari, bai fi kaurin zare ba.

"Su ke nan? 'Yan wannan?"

"Su ke nan. Ba su da yawa kamar jajayen, amma su ne masu gadin gidan. In ƙwayar cuta ta shigo, ga wata ƙwayar kuma, su ke tarar ta. Wasu haɗiye ta suke yi ɗungurungum. Yanzu cuta ta sauka a maƙogwaron 'yarki, shi ne jiki ya yi gayya, aka ƙaro su. Yawan nan da kika ji, alamar faɗa ce ake yi."

"Daga ina ake ƙaro su?"

"Daga ɓargo."

"Ɓargon ƙashi? Wanda muke tsotsewa?"

"Shi fa. Kina can kina ɗinkinki, ƙasusuwan 'yarki suna nasu ɗinkin, dare da rana, ba hutu. Farar mugunyar da likita ya gani a maƙogwaronta ma, yawancinta gawarwakinsu ne, waɗanda suka faɗi a wurin faɗan."

Maman Aku ta sake manna ido. Ta zaɓi ɗaya mai ƙulli uku ta ƙura masa ido. Shekara huɗu tana wanke yarinyar nan, ta san kowane tabo a jikinta, ta san haƙorin da ya fara fitowa. Ashe akwai jama'a guda a ciki da ba su taɓa gaisawa ba, suna tsaron abin da take tsaro.

"Zafin jikin fa? Su ne suke kawo shi?"

"Da hannunsu a ciki. Jiki ne ke hura wuta don zaman ya gagari baƙon." Mai awon ta zare gilashin. Dariyar ta bar fuskarta. "Amma tsaya, ƙanwata, kar ki tafi da rabin magana. Awon nan ba ya ganin magani. Bai ce ta sha ba, bai ce ba ta sha ba. Zancen gwangwanin nan, likita za ki faɗa wa, yanzu."

"Surukata tana zaune a wurin."

"To ta ji mana. Maganinta ne."

"Ko za ki rubuta masa a bayan takardar?"

"Ni jini nake karantawa. Wannan aikin bakinki ne." Ta buɗe mata ƙofa. "Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi."

Barandar ta yi mata gajarta a komawa. Likita ya karɓi takardar ya gyaɗa kai, ya jawo biro. Kaka na zaune da Aku a cinya. Maman Aku ta matso kusa da teburin. Ta dubi wuyan 'yarta, ta tuna masu ƙullin nan da ba su tsaya jin kunyar kowa ba.

"Likita, akwai abin da ban faɗa ba ɗazu."

Ta faɗa, idonta a kan teburinsa. Ba ta rage komai ba, har da tsintsiyar. Ba ta yarda ta waiga gefenta ba.

Likita ya ajiye biro. Ya tambayi sunan maganin, ta nuna masa a katin Kaka. Ya kama hannun Aku yana duban agogo, ya ɗauko ɗan ƙaramin abin awon hawan jini na yara ya naɗa mata a dantse. Ya tambaya ko ranar Talata ta yi barcin da ba a saba ba, ko amai, ko jiri.

"Tsalle ta wuni yi."

"To, ba na jin ta sha. Irin wannan maganin in yaro ya haɗiye, a ranar yake nuna kansa, ba ya jiran Alhamis. Shi ya sa ba a zama a zuba ido. Ko zato kika yi, ki ɗauko yaro da maganin ki taho a lokacin. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ya sunkuya wajen Aku. "'Yan mata, wa ya ce miki maganin Kaka da ɗaci?"

Aku ta ɗago kai da ƙyar. Ta yamutse fuska, ta rufe ido ɗaya, ta girgiza kai, ta ce da muryar tsohuwa a dishe, "Wash! Ɗacin tsiya."

Likita ya kawar da kai yana tari.

"Ja'ira," in ji Kaka. Ta gyara zama, ta share bakinta da hannu. "To tunda abin tone-tone ne, ni na sha."

"Kika sha me, Baba?"

"Biyun. Ranar da ɗana ya bugo waya ya ce tayarsa ta fashe a hanya, na ji kaina yana sarawa, na ƙara ɗaya. Da ranar da maƙwabta suka wuni suna buga ƙusa a bango."

"Wa ya ce ki ƙara?"

"Ai na ga in ɗaya ya yi aiki, biyu ya fi."

"Gishiri ma haka kike yi masa a miya?" Likita ya jawo babban abin awon. "Miƙo hannu. 'Yar rakiya ta zama mai jinya."

Ya yi mata faɗa mai sanyi, ya ce guda ɗaya a rana, ko da maƙwabta rushe gidan suke yi, in kai ya sara a zo a auna. Ya rubuta wa Aku maganin sha na kwana goma, ya ja kunne kada a tsaya don an ga ta warware.

A bencin karɓar magani suka zauna jiran layi. Aku ta yi barci. Kaka ta kafe bango da ido. Maman Aku ta naɗe takardar, ta warware, ta sake naɗewa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ban so in faɗa a gaban mutane ba."

"Ba wannan ne ya dame ni ba."

Aka kira wani, ya tashi.

"Kwana biyu," in ji Kaka, har yanzu bango take kallo. "Kina kawo mini shayi, kina tambayata na tashi lafiya, alhali cikinki yana ci da wuta. Da 'yar da na haifa ce, tun ranar Talata za ta tsaya a kaina ta balbale ni da faɗa, in ba ta amsa, magana ta ƙare kafin azahar. Ke kuwa kika mayar da ni baƙuwa. Baƙo ake ɓoye wa magana."

Maman Aku ta ji maganar ta shige ta fiye da zagi. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci tsohuwar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"To, Inna, ba ki kyauta ba. Magani a gwangwanin alewa, a teburin da yarinya ke kaiwa? Kuma kina ƙara wa kanki ba wanda ya sani? In kin faɗi a banɗaki fa, me zan ce wa ɗanki?" Ba ta tsaya nan ba. "Daga yau yana saman kabad ɗina, a kwalbar da ke da murfin murɗawa. Ni zan riƙa ba ki da hannuna, ɗaya, bayan shayi. In kanki ya sara, ni za ki faɗa wa."

Kaka ta juyo ta dube ta sama da ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Iye. Ashe da baki. Ni ina ta mamakin inda yarinyar nan ta gado shi." Ta gyara wa Aku kwanciya a kafaɗarta. "Kin gama?"

"Saura tabaraunki. Shi ma jiya a bakin Aku na cire shi."

"Wannan kuma ki bari sai mun je gida," in ji Kaka. "Faɗa biyu a rana ɗaya ya yi wa mai hawan jini yawa. Tashi, ga shi can an kira mu."